Kai jika da kakanninsa wurin wasa a Legas: amsa ga wata uwa daga Agege

Wata 'yar'uwa mazauniyar Agege ta aiko mini da tambaya. Ta ce surukanta sun zo musu daga Katsina za su yi mako 3, kuma maigidanta yana so kafin su koma a kai su ɗaya daga cikin wuraren wasan nan masu lilo da jirgin ƙasa na yara, tare da ɗansu na fari mai shekara 2 da wata 4. Baba ya haura shekara 70, yana da ciwon suga kuma gwiwa tana damun sa, Hajiya kuma tana shan maganin hawan jini. Tana so ta san inda ya kamata su nufa, da ranar da ta fi dacewa, da abin da za su riƙe, domin a je a dawo ba tare da an wahalar da kowa ba.

'Yar'uwa, Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya, domin ba kowane ɗa ne yake tunanin fitar da iyayensa su ga gari ba. Na daɗe ina koyarwa a ajin renon yara a nan Legas, kuma kusan kowane ƙarshen zango ni ake ɗora wa nauyin fita da yara yawon buɗe ido, ban da fitar da na sha yi da 'ya'yana da mahaifiyata. Da abin da na gani a waɗannan fite-fiten zan amsa miki.

A cikin tawagarku akwai mutum 3 waɗanda ba za su taɓa buɗe baki su ce miki sun gaji ba. Yaron ba zai faɗa ba saboda bai san sunan abin da yake ji ba, sai dai ki ga ya fara murza ido, yana jefar da abin da aka miƙa masa, yana neman a ɗauke shi sannan da an ɗauka ya zille. Baba da Hajiya kuwa sun san sun gaji sarai, amma kara ba za ta bari su faɗa ba, domin suna ganin ɗansu ya kashe kuɗin mai da na tikiti, ga jikansu yana murna, ga kuma surukarsu a tsaye. Duk lokacin da kuka tambaye su, amsar da za ku ji ita ce ba komai, ku ci gaba. Saboda haka tsarin ranar dole ya kasance wanda hutu da ruwa da abinci da lokacin tashi suke cikinsa tun daga gida, ta yadda ba sai wani ya roƙa ba. Duk sauran bayanin da zan yi daga wannan ya samo tushe.

Wannan ne ya sa nake ba ki shawarar ki cire wa ranki cewa za ku yini a can. Awa 3 zuwa 4 a cikin wurin sun isa, kuma sun fi yinin da za a ƙare shi da kuka da kumburin ƙafa. Yaro mai shekara 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowane yini da kwana, kuma wani ɓangare na wannan barcin da rana yake yin sa, galibi bayan azahar. Idan kuka tsallake masa wannan barcin saboda tikitin da kuka saya na yini guda ne, daga ƙarfe 3 na yamma babu abin da zai ƙara burge shi. Tsarin da ya fi yi mini aiki shi ne a bar gida da hantsi bayan kowa ya karya kumallo ya sha maganinsa, a isa daidai lokacin da ake buɗe ƙofa, a yi wasa kafin rana ta take, a ci abinci, a yi sallar azahar wadda a Legas take shiga wajen ƙarfe 1, sannan a kama hanya kafin ƙarfe 2. Da haka barcin yaron zai faɗo a cikin mota, ku kuma ku riga cunkoson yamma isa gida, a yi la'asar a natse.

Game da inda za ku je, a Legas hanya ce take zaɓar wa mutum wuri. Manyan wuraren shaƙatawa da yawa suna can ɓangaren Lekki da Ajah ne, irin su Dreamworld Africana da Omu Resort da ke Bogije, kuma duk wanda ya taso daga Agege sai ya ratsa gari, ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, sannan ya shiga titin Lekki zuwa Epe wanda kowa ya san halinsa. Zaman mota na awa 2 ko fiye a zuwa, da kwatankwacinsa a dawowa, ya riga ya cinye ƙarfin dattijo mai ciwon gwiwa tun kafin ya taka ƙofar wurin. A ganina ku da kuke Agege ya fi muku sauƙi ku duba Hi-Impact Planet da ke kan babban titin Legas zuwa Ibadan, wanda yake cikin jihar Ogun amma bai yi nisa da Berger, unguwar da ke bakin iyakar Legas da Ogun, ba, ko kuma Apapa Amusement Park idan kun samu tabbacin cewa manyan motocin tashar jiragen ruwa ba su toshe hanya ba a ranar. Kowace daga cikin hanyoyin nan biyu tana da ranakun da ake guje mata. Titin Ibadan yana cika maƙil a Juma'ar farko ta kowane wata da Asabar ɗin farko saboda manyan tarukan addu'a na coci-cocin da ke da sansani a gefensa, kuma idan Babbar Sallah ta gabato, kasuwar dabbobi ta Kara kaɗai ta isa ta tsayar da mota a doguwar gada har tsawon awanni. Ke da kike zaune a Agege ba sai an ba ki labarin wannan ba, amma sau da yawa mutum yakan manta ya duba kalanda kafin ya sa rana.

Mutane da yawa za su ce miki ku je Lekki Conservation Centre, kuma wuri ne mai kyau ƙwarai, wanda aka kafa a 1990, mai faɗin hekta 78, da gadar igiya ta saman itatuwa mai tsawon mita 401. Sai dai bai dace da tawagarku ba. Tafiyar ƙafa ce mai tsawo a kan katako, gadar saman ba ta ƙaramin yaro ba ce kuma ba ta mai ciwon gwiwa ba ce, sannan birran wurin sun saba da fizge abinci daga hannun mutane, wanda zai iya firgita yaro firgita mai tsanani. Ku ajiye shi sai yaron ya girma. Idan kuma a daren da za a fita kika lura jikin Baba ba daɗi, kada ku soke fitar gaba ɗaya. Lambunan gwamnati da ke Alausa a Ikeja, wato na Ndubuisi Kanu da na Johnson Jakande Tinubu, suna kusa da ku, akwai ciyawa da inuwa da wurin zama, kuma yaro mai shekara 2 zai yi farin ciki a can kamar yadda zai yi a ko'ina.

Ranar aiki ta fi ƙarshen mako sauƙi idan maigidan zai iya samun izini, musamman Talata ko Laraba. Ku guji ranakun Sallah da makonni 2 na ƙarshen Disamba, domin a lokacin layin kowane lilo yakan yi tsawo, kujerun zama su ƙare, kiɗa ya yi yawa har ba a jin magana. Juma'a kuma masallaci zai raba muku rana biyu. Idan ba makawa sai Asabar, to ku kasance cikin waɗanda za a buɗe wa ƙofa. Ku kuma yi la'akari da damina, wadda a nan take tsananta daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Ruwan Yuni idan ya sauko yakan dakatar da lilon waje, ya kuma cika tituna, don haka a wannan lokaci sai ku zaɓi wurin da yake da zauren wasa mai rufi.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, maigidan ya kira wurin a waya, kada ya dogara da abin da ya gani a Instagram, domin farashi da lokacin buɗewa suna canzawa ba tare da an gyara shafin ba, kuma wasu wuraren ba sa kunna dukan na'urorinsu a ranakun da mutane suka yi ƙaranci. Ya tambaya ko akwai tikitin shiga kaɗai ga wanda ba zai hau komai ba, saboda babu dalilin saya wa Baba da Hajiya tikitin da ya haɗa da lilo. Ya tambayi abubuwa nawa ne yaro mai shekara 2 zai iya hawa, ko ana barin a shiga da abinci da ruwa daga gida, ko akwai wurin sallah, da kuma nisan da ke tsakanin wurin ajiye mota da ƙofa. Idan da nisa, a sauke dattawan a bakin ƙofa tukuna sannan a je a ajiye motar. Ku riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado ban da kati, domin na sha tsayawa a gaban mai sayar da tikiti ana jiran na'ura ta kama sabis, yara suna ta kuka a rana.

Yanzu bari in tsaya a kan zafi, domin a nan ne na fi ganin mutanenmu suna kuskure. Baba zai ce miki shi da ya saba da ranar Katsina wadda take kaiwa digiri 40 a bazara, me ranar Legas za ta yi masa. A ma'auni gaskiya ya faɗa, domin zafin Legas bai cika wuce digiri 32 ko 33 ba. Bambancin yana cikin iska. A Arewa iska busasshiya ce, gumi yana fita ya bushe nan take, kuma bushewar tasa ce take sanyaya jiki. A Legas iska cike take da laima, gumi ya fita ya tsaya a kan fata yana tsiyaya, jiki ya yi ta zubar da ruwa ba tare da ya huce ba. Tsofaffi kuma ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar matasa, sannan wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, wanda yake ƙara rage ruwan jiki. Ƙaramin yaro shi ma jikinsa yana ɗaukar zafi da sauri, ga shi gajere, kusa da siminti da kwalta da suke mayar da zafin rana.

Na koyi wannan ne a kan mahaifiyata. Mun taɓa fita da ita da jikokinta zuwa wani wurin wasa, na zaunar da ita a inuwa na ajiye mata gorar ruwa, duk lokacin da na leƙo sai ta yi murmushi ta ce in je in kula da yara. Wajen ƙarfe 1 ta miƙe za ta yi alwala, sai na ga ta dafa kujera ta koma ta zauna, leɓɓanta sun bushe, tana cewa ƙasa tana juya mata. Da na ɗaga gorar sai na tarar ko buɗe ta ba ta yi ba. Bayan ta farfaɗo ne ta gaya mini cewa tun safe ta leƙa banɗakin wurin ta ga babu buta kuma ƙasan a jiƙe yake, sai ta yanke shawarar ba za ta sha komai ba don kada fitsari ya matsa mata. Tun daga ranar, abin da nake fara yi idan mun isa wuri shi ne in je in duba banɗaki da kaina, in dawo in gaya wa dattijuwar da ke tare da mu cewa na gani, yana da tsabta, ga buta na riƙo, kuma zan raka ta duk lokacin da ta so. Ki yi wa Hajiya haka a keɓe, maigidan kuma ya yi wa Baba. Ruwan ma kada ki tambaye su ko za su sha. Ki zuba a kofi ki miƙa da hannu biyu kowane rabin awa, domin abin da suruka ta miƙa da ladabi da wuya a mayar mata da shi. Idan likita ya ƙayyade wa ɗayansu yawan ruwan da zai sha saboda ciwon zuciya ko ƙoda, to umarnin likita ne a gaba.

Tufafi ma suna da tasiri. Dattijo yana son ya fita da shigarsa ta mutunci, kuma ba ke ce za ki ce masa ya cire babbar riga ba, amma ɗansa zai iya ba shi shawarar ya sa kaftani na yadi marar nauyi maimakon shadda mai sitaci, da takalmi mai rufi wanda ya saba da shi. Sabon takalmi ba na ranar yawo ba ne, musamman ga mai ciwon suga wanda zai iya jin ciwo a ƙafa bai sani ba. Yaron kuma riga mai launi mai haske ta auduga, da hula, da kayan canji kala 2, da famfas fiye da yadda kike zaton za ki buƙata.

Ciwon sugan Baba yana buƙatar a kiyaye masa lokacin cin abinci, ko da kuwa kuna tsakiyar layi ne. Wanda ya sha maganin suga ko ya yi allurar insulin da safe, sannan ya yi tafiyar da ta fi wadda ya saba, abinci kuma ya yi jinkiri, sugansa zai iya faɗuwa. Alamun su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam, faɗuwar gaba, ko ki ga magana tana sarƙe masa. Idan hakan ta faru kuma yana cikin hayyacinsa, a ba shi abin zaƙi mai saurin shiga jini kimanin giram 15, wato cokalin shayi 3 zuwa 4 na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, a jira minti 15 a sake aunawa, sannan ya ci abinci. Idan ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, sai a kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na jihar Legas, a kuma sanar da ma'aikatan wurin. Saboda haka na'urar awon suga da sukarin su kasance a cikin jakar da ke rataye a kafaɗarki, kada su zauna a but ɗin mota. Insulin kuwa zafi yana lalata shi, a sa shi a ƙaramar kula amma kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. Ki rubuta sunayen magungunansu duka a takarda ki ajiye a jakar.

Game da lilon kansa, ki auna tsawon yaron a jikin bango tun a gida. Yaro mai shekara 2 yawanci tsawonsa yana tsakanin santimita 85 da 90, alhali abubuwan hawa da yawa suna da ma'aunin tsawo a bakin ƙofarsu wanda ya fi haka. An sa ma'aunin ne saboda ƙarfen da ke tare mahayi an ƙera shi daidai jiki mai wani girma, ƙaramin yaro zai iya sulluɓewa ta ƙarƙashinsa. Ina roƙon ki kada ku lallashi mai kula da lilo ya yi muku alfarma, ko da ya nuna zai yarda. Abin da ya dace da shi shi ne jirgin ƙasa mai tafiya a hankali, da dawakan da suke zagayawa idan babba zai tsaya a gefensa ya riƙe shi, da ƙananan motoci masu kaɗawa a wuri ɗaya, da filin yashi ko ɗakin ƙwallaye na ƙanana. Gidan iskar nan da yara suke tsalle a ciki ni ba na sa 'yan ajina masu shekara 2 a cikinsa, musamman idan akwai manyan yara, domin yaro mai shekara 8 idan ya diro, ƙaramin sama yake yi ya faɗo a kan wuya ko hannu. Abin zamewa na ƙarfe ko na roba ki taɓa shi da bayan hannunki kafin ki ɗora shi, rana tana gasa shi har ya ƙona cinya. Idan wurin yana da tafkin wanka, ki sani ruwan da bai kai gwiwarki ba ya isa ya halaka yaro, kuma abin yana faruwa shiru ba tare da ihu ba, don haka a bakin ruwa kada tazararki da shi ta wuce tsawon hannu.

Kada ki yi mamaki idan bayan duk kuɗin da aka kashe yaron ya ƙi hawa komai, ya tsaya yana bin tattabara ko yana hawa da sauka a matakala 3. Wannan shi ne wasan shekarunsa. Idan ya ji tsoron wani abu, a bar shi ya kalli wasu yara suna hawa tukuna, idan ya miƙa hannu a kai shi, idan ya maƙale a jikinki a wuce. Abin da ya so kuma zai nemi a maimaita masa sau 5, kuma maimaitawar ta fi masa daɗi a kan a ja shi zuwa sabon abu. Su Baba kuwa duk abin da yake juyawa da sauri ko yake faɗowa daga sama ba nasu ba ne, allunan gargaɗi ma suna hana masu hawan jini da ciwon zuciya da ciwon baya da masu juna biyu. Amma jirgin ƙasan nan mai tafiya a hankali zai ɗauke su su ukun, kuma a nan ne za ki samu hoton da za su koma da shi Katsina, Hajiya tana tsokanar jikan nata, mijinta na wasa, da cewa matsoraci ne, shi kuma ya riƙe mayafinta gam. Ki nemo musu mazauni mai inuwa wanda daga nan suna hango wurin wasan yaron, ya zama nan ne sansaninku da ake dawowa. Ƙaramar kujera mai naɗewa tana da amfani sosai, Baba zai zauna a kai idan layi ya yi tsawo, kuma da ita zai yi sallah idan gwiwa ta hana shi sujada a ƙasa.

Akwai wata magana da ta shafe ki ke kanki, kuma ina so ki karɓe ta da kyakkyawar fahimta. Kin ce yaron ɗan fari ne, kuma na san a gaban surukai za ki so ki yi alkunya, ki ɗan janye jiki ki bar wa kakanninsa shi. A cikin gida wannan tarbiyya ce mai kyau. A wurin da ɗaruruwan mutane suke kai da komo kuwa, yaro mai shekara 2 ya fi kakarsa gudu nesa ba kusa ba, kuma yawancin ɓatan yaran da na gani sun faru ne a lokacin da manya suke da yawa, kowa yana zaton yaron yana hannun wani. Mun taɓa neman wata yarinya 'yar ajina na kusan minti 10 alhali mu malamai 4 ne a tsaye, sai can muka same ta a bayan rumfar mai sayar da balan-balan tana kallon yadda ake hura su, kuma har yau idan na tuna waɗannan mintocin sai gabana ya faɗi. Daga nan muka kafa ƙa'ida cewa a kowane lokaci mutum ɗaya ne yake da yaro, kuma ba ya sakin sa sai ya kira sunan wani ya ce ga shi a hannunka, wancan kuma ya amsa. Ku yi haka ke da maigidan, ku bar kakanni su yi wasa da jikansu ba tare da an ɗora musu gadi ba. Idan akwai ƙanwa ko ƙanin miji mai hankali a gidan, ku tafi da shi, domin idan ke kin raka Hajiya banɗaki, maigidan yana wajen sayen abinci, ana buƙatar hannu na uku. Ki ɗauki hoton yaron a waya da safe da kayan da ke jikinsa, ki rubuta lambar wayarku a takarda ki maƙala masa a cikin aljihu ko a hannu, domin a shekarunsa ba zai iya faɗin sunan babansa ba.

Abinci idan an yarda a shiga da shi, na gida ya fi, saboda kin san abin da Baba yake ci da wanda aka hana shi, kin san gishirin da ya dace da Hajiya, kuma barkonon abincin Legas ba kowane baƙo ne yake jure shi ba. Abin da ba ya saurin lalacewa a zafi kamar dafa-duka ko dambu a fulas ya fi abin da aka haɗa da madara ko ƙwai. Idan ba a yarda ba, ku nemi izinin shiga da na yaron da na mai ciwon suga, yawanci ba a hanawa idan an yi bayani da ladabi, naman wurin kuma ku tambaya kafin ku saya. Gyaɗa da gugguru da alewa mai tauri da inabi ɗungurungum suna shaƙe yaron da bai kai shekara 4 ba, kuma su ne aka fi sayarwa a irin waɗannan wurare, su ne kuma kaka take saurin saya wa jika. Ki riƙo masa ayaba da biskit mai laushi domin Hajiya ta samu abin ba shi da hannunta, kuma ya ci a zaune. Ki sa ƙullin gishiri da sukari na kemis guda 2 a jaka saboda gudawa ko amai. Keken tura yaro yana taimakawa a inda aka shimfiɗa siminti, ya kuma ɗauke miki kaya, amma ki riƙe zanen goyo saboda yashi da matakala, sai dai goyo a tsakar rana yana haɗa zafin jiki biyu, don haka kada ya daɗe.

A mota, mazaunin yaro yana baya a cikin kujerarsa ta yara, ba a cinyar kowa a gaba ba. Hajiya za ta so ta rungume shi, sai a zaunar da ita kusa da kujerar tasa. Baba ya zauna a gaba a tura masa kujera baya domin ya miƙe ƙafa. Idan kun fito za ku tarar motar ta yi zafi kamar tanda, a buɗe ƙofofi ta sha iska, a taɓa ƙarfen bel kafin a ɗaura wa yaro, kuma ko barci ya yi kada a bar shi a ciki shi kaɗai ko na minti ɗaya.

Lokacin tashi shi ne inda tsarin yakan rushe, domin a daidai nan maigidan zai ga akwai sauran abubuwan da ba a zagaya ba, su Baba kuma za su ce a bar yaro ya more. Ku yanke lokacin tun a gida ku biyu, kuma ku sanar da dattawan tun da safe cewa bayan azahar za a juyo saboda cunkoso da barcin yaro, ta yadda ba za su ji cewa saboda su aka katse fitar ba. Yaron kuma a gaya masa cewa saura hawa ɗaya a tafi, a cika masa wannan ɗayan, sannan a ɗauke shi ko da zai yi kuka, kafin ku hau babban titi ya yi barci. Da daddare bayan isha'i maigidan ya duba tafin ƙafar Baba da tsakanin yatsunsa ko akwai ƙuje ko bororo, a auna masa suga, a auna wa Hajiya jini idan kuna da abin awo, kuma washegari kada a sa musu wata ziyara ko zuwa kasuwa, a bar su su huta a gida.